Yaron da ke tsugune a bayan mai duka: tafiyata San Pedro de Macorís

Maƙwabcina a unguwar Bronx ta birnin Niyok mutumin Jamhuriyar Dominikan ne, kuma shi ya koya mini kallon besbol. Filin wasan Yankees ba shi da nisa da gidanmu. A unguwar nan, inda Hausawan Gana da na Nijar ke zaune ƙofa da ƙofa da mutanen Dominikan, da wuya ka daɗe ba ka fara haddace sunayen 'yan wasa ba. Da sanyin Disamba ya kankama sai ya ce mini zai leƙa gida. Ɗan ƙanwarsa, yaro ɗan shekara 15, za a gwada shi a gaban wakilan kulob-kulob na Amurka, uwar yaron kuma ta matsa lallai kawunsa ya zo ya gani da idonsa, don ta gaji da romon bakan dillalai. Ya ce, "Ɗan'uwa, taso mu je ka ga inda ake noman 'yan wasan da kake kallo a talabijin." Na haɗa jakata.

Daga filin jirgin Kennedy zuwa Santo Domingo bai cika awa huɗu ba. Muna fitowa daga filin jirgin Las Américas zafi da ɗanshin teku suka tarbe mu, na cire rigar sanyi na cusa a jaka. Muka nufi gabas, teku a hannun dama, shuɗi tas. A Boca Chica muka tsaya cin soyayyen kifi, nan maƙwabcina ya riƙa nuna mini hanyoyin da ke shigewa cikin daji. Ya ce a can makarantun horon suke. Duk kulob 30 na babbar gasar Amurka kowanne yana da makarantarsa a ƙasar nan, kuma da yawansu a kewayen Boca Chica suke, da filaye da ɗakunan kwana da ajin koyon Turanci. Burin kowane yaro mai riƙe da safar cafewa a tsibirin shi ne ya kwana a ɗaya daga cikinsu.

San Pedro de Macorís yana kimanin kilomita 70 gabas da babban birni, a bakin kogin Higuamo. Tun kafin ka shiga za ka ga gonakin rake har iyakar ganinka, da dogayen bututun hayaƙin kamfanonin sukari, wasu na aiki wasu sun daɗe da mutuwa. Mutanen Kuba ne suka kawo wasan ƙasar a ƙarshen ƙarni na 19, ma'aikatan rake kuma suka rungume shi, kowane kamfani da ƙungiyarsa. Daga wannan gari da ƙauyukan rakensa aka samu Tony Fernández da Pedro Guerrero da George Bell da Sammy Sosa da Alfonso Soriano da Robinson Canó da Fernando Tatís, uban da ɗan. 'Yan acaɓa sun cika titi. A lungu na ga yara suna wasa da sandar tsintsiya da murfin jarkar ruwa, murfin yana karkacewa a iska yadda ya ga dama, su kuma suna samunsa da sanda. Wanda ya saba dukan wannan abu tun yana ɗan shekara 6, ƙwallo ba za ta ba shi tsoro ba.

Da sassafe, bayan na yi sallar asuba a masauki, muka hau babura zuwa filin. Fili ne na jar ƙasa a gefen gonar rake, da tsohuwar raga a baya, da rumfar kwano. Yara sun fi ashirin suna ɗumama jiki. Mai horar da su shi ne kuma dillalinsu: yana ciyar da su, yana saya musu takalmi, wasu ma a gidansa suke kwana, ranar da kulob ya sa hannu da yaro shi kuma ya yanki kasonsa mai tsoka daga kuɗin. Wakilan kulob sun zo da hulunan rana da littattafan rubutu. Ɗaya yana riƙe da na'urar awon gudun ƙwallo, kowannensu kuma da agogon awon daƙiƙa a rataye a wuya.

Ga wanda bai san wasan ba, filin yana da zango uku da gida, tsakanin kowane biyu mita 27 da 'yan kai. Mai jifa yana tsaye a tsakiya, mita 18.44 daga gida, yana jefo ƙwallo. Mai duka yana jira da sanda a gida, in ya doki ƙwallo sai ya ruga zango-zango har ya zagayo gida. A bayan mai duka akwai wani a tsugune, fuskarsa cikin garkuwar ƙarfe, ƙirjinsa cikin sulke, ƙwaurinsa a ɗaure, hannun hagunsa cikin safar fata mai kauri. Shi ne mai cafewa, kuma aikin da yaronmu yake koya ke nan. Shi kaɗai ne a ƙungiyarsa yake fuskantar filin gaba ɗaya. Shi yake gaya wa mai jifa irin jifar da zai yi, shi yake tare duk ƙwallon da ta kubce, shi yake kama ɓarawon zango, wato mai gudun da ke rugawa zango na gaba yayin da ake jifa, kuma a wasa guda zai tsuguna ya miƙe fiye da sau ɗari. Ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 145 a awa ba ta cika rabin daƙiƙa take isowa hannunsa.

Yaron ba dogo ba ne. Gajere ne mai faɗin kafaɗa da kaurin cinya, mara yawan magana. Ya zo ya gaida kawunsa, ya ce, "Kawu, sa mini albarka," yadda yaran ƙasar ke gaida manya, kawun ya dafa kansa ya sa masa. Da ya miƙo mini hannu na lura da babban yatsansa na hagu a kumbure, damtsensa duk tabon ƙwallo, wani shuɗi wani ya fara komawa rawaya.

Aka fara da tsere. Yadi 60 ake gudu, kusan mita 55, yaron kuma ya zo a baya-baya. Kawun ya ɓata fuska. Wani dattijo da ke zaune kusa da mu a kan bokitin fenti ya ɗaga hannu ya yi magana, maƙwabcina ya fassara mini: wai kada ya damu, ba wanda yake sayen mai cafewa don gudu. Dattijon nan ya yi shekaru yana tsugune a bayan masu duka a ƙuruciyarsa, daga baya ya yi wa kulob-kulob farautar yara, yanzu ya ajiye aiki amma ƙafarsa ba ta daina zuwa fili ba. Yatsun hannunsa na dama ba guda biyu da suka kalli wuri ɗaya. Na ja wani bokitin na zauna kusa da shi, kuma yawancin abin da na fahimta a ranar daga bakinsa na ji.

Sai aka zo kan abin da wakilan suka fi jira, jifa zuwa zango na biyu. Lissafin a fili yake. Mai gudu mai sauri yana bukatar daƙiƙa 3.3 ko sama kaɗan ya saci zango na biyu. Mai jifa yana cinye kusan 1.3 kafin ƙwallo ta iso gida. Abin da ya rage wa mai cafewa daƙiƙa 2 ne: ya cafe, ya zare ƙwallon daga safa, ya gyara ƙafa, ya harba ta kusan mita 39 ta faɗa hannun abokinsa daidai gwiwa. Ana danna agogo idan ƙwallo ta bugi safarsa, a sake dannawa idan ta bugi ta abokinsa. Matsakaicin manyan gasar Amurka yana wajen 2.0, gwanaye irin su J.T. Realmuto suna sauka ƙasa da 1.9. Tun da aka sauya dokoki a 2023, aka ƙara girman zangunan daga inci 15 zuwa 18, aka kuma taƙaita yawan jifan da mai jifa zai yi don tsare mai gudu, satar zango ta ƙaru sosai, hannun mai cafewa ya ƙara daraja.

Wani dogon yaro da aka gwada kafin namu ya burge kowa, agogo ya nuna ƙasa da 2. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce mu kalli ƙafafunsa: tun ƙwallo ba ta iso ba ya riga ya miƙe ya taka kan gida. A wasa na gaske akwai mai duka tsaye a wurin da sanda a hannu, ba zai samu wannan hanyar ba. Yaronmu ya jefa nasa, lokacinsa ya ɗan haura 2, amma daga tsugune na gaskiya ya taso, kuma ƙwallon ta tafi a miƙe ba ta yi baka ba, ta sauka inda ake so. Dattijon ya ce ƙarfin hannun yana nan. Inda lokaci yake zubewa shi ne wajen zaro ƙwallo daga safa: yana kai hannun dama ya je ya nemo ta maimakon ya kawo safar tsakiyar ƙirji su haɗu a can. Wannan, in ji shi, ana gyara shi cikin wata shida. Hannun da ba shi da ƙarfi shi ne ba a iya sayo masa a kanti.

Na ga wakilai biyu sun rufe littafi bayan wannan gwaji, sun koma duba waya. Abin ya sosa mini rai, domin abin da ya biyo baya shi ne ainihin aikin.

Aka sa wani mai jifa ɗan shekara 16, mai ƙarfin hannu amma mara saiti, ya hau tudun jifa. A kan gida akwai wata taga da ido ba ya gani, faɗinta inci 17, tsawonta daga gwiwar mai duka zuwa tsakiyar ƙirjinsa. Ƙwallon da ta bi ta ciki an ci mai duka, wadda ta bi ta waje an ci mai jifa, alƙalin wasa da ke tsaye a bayan mai cafewa shi yake yanke hukunci. Waɗanda suka bi ta gefe-gefe, yadda aka karɓe su yana iya karkata idon alƙali. Dattijon ya ce in daina kallon ƙwallo, in kalli safar kawai. Na kalla. Yaron yana ajiye safar ƙasa kusa da turɓaya, hannu a sake, sai ƙwallo ta kusa ya taso mata daga ƙasa, ya tare ta ya tsayar cak. Ba ta tura hannunsa baya, shi kuma ba ya fizgo ta zuwa tsakiya yadda zai tona wa kansa asiri. Wanda ya taɓa ganin magini a kan katanga yana karɓar tubalin da ake jefo masa daga ƙasa, hannu na bin nauyin ba tare da tubalin ya fashe ba, ya san irin taushin da nake nufi. Ƙarar ma daban take. A safar dogon yaron nan ƙwallo tana faɗawa da wata irin ƙara a dakushe, don tana bugun gefe. A ta yaronmu ƙara ɗaya ce kullum, tau, a tsakiyar aljihu.

Dattijon ya san cewa daga kakar 2026 babbar gasa ta amince a riƙa ƙalubalantar hukuncin alƙali da na'ura, kuma mai cafewa yana cikin mutum uku da ke da ikon yin haka. Ya ce wannan bai kashe sana'ar ba, ya ma ƙara mata wani aiki: yanzu sai mai cafewa ya san tagar nan fiye da alƙali.

Sai mai jifa ya fara harba ƙwallo cikin ƙasa, wasu da gangan bisa umarnin koci, wasu don hannunsa ya ƙwace. A nan ba a cafewa, jiki ake sa wa. Yaron yana faɗawa kan gwiwoyi, ya toshe tsakanin cinyoyi da safa, ya ɓoye hannun dama a bayanta, ya sunkuyar da haɓa, ya lanƙwasa ƙirji yadda ƙwallo za ta buge shi ta mutu a gabansa. Wata ta yi tsalle ba daidai ba ta same shi a damtse inda babu sulke. Daga inda nake zaune na ji ƙarar. Bai shafa wurin ba, bai kalli koci ba. Ya ɗauki ƙwallon, ya goge ta a wando, ya miƙe, ya taka har wurin mai jifan, wanda kansa ya riga ya sunkuya don kunya a gaban baƙi. Ya rufe bakinsa da safa ya gaya masa wani abu, ya buga masa ƙirji, ya dawo ya tsuguna ya buɗe masa safa sosai. Jifan da suka biyo baya suka fara shiga taga.

Dattijon ya dafa gwiwata da karkatattun yatsunsa. Ya ce, "Ka gani? Agogo ba ya auna wannan."

Ni ma abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Ranar gwajinsa ce shi ma, kuɗin gidansu ne a kan mizani, mai jifan kuma yana ɓata masa rana da jifan banza. Yaro ɗan shekara 15 ya bar nasa ya je ya ɗaga wani. Mai cafewa yana aiki da masu jifa goma sha wani abu a kaka guda, kowanne da halinsa, wani sai da lallashi wani sai da tsawa, kuma dole ya tuna abin da kowane mai duka na abokan hamayya yake so da abin da yake tsoro. Na'urar da aka shigo da ita a 2022, wadda yake danna maɓalli mai jifa ya ji a hularsa, ta maye gurbin alamar yatsu ne kawai. Tunanin har yanzu daga kan mai cafewa yake fitowa.

Wajen duka yaron bai haskaka ba. Sandarsa gajeriyar hanya take bi, yana samun ƙwallo, amma ba ta nisa, tana faɗawa gaban masu tsaron baya. Jifa mai lanƙwasa kuma ta yaudare shi fiye da sau ɗaya. Wakilan suna ba da maki daga 20 zuwa 80, 50 shi ne matsakaicin ɗan babbar gasa, kuma suna rubuta biyu: inda yaro yake yau da inda suke hasashen zai kai. Dattijon ya ce da shi ne, zai hasaso masa sama da matsakaici a cafewa, matsakaici ko sama kaɗan a hannu, ƙasa sosai a gudu, dukan kuma zai bar gurbin da alamar tambaya. Ya ce duk wanda ya rantse maka ya san yadda ɗan shekara 15 zai yi duka yana da shekara 23, yana da abin da yake son sayar maka.

Matsalar kuwa a nan take. Kulob yana iya sa hannu da yaron ƙasar waje da zarar ya cika 16. A da ranar 2 ga Yuli ake buɗe kasuwar, tun 2021 ta koma 15 ga Janairu. Amma sanannen abu ne cewa ana ƙulla alkawarin baka da yara tun suna 13 ko 14, alkawarin da ba ya kan takarda, kulob na iya janyewa ya bar gida da bashi. Kasuwar da ke sayen yaro da wuri haka dole ta sayi abin da ake gani da wuri: tsawo, ƙarfin duka, lambar agogo. Mai cafewa kuwa shi ne mafi jinkirin nuna a duk filin. Gary Sánchez ɗan ƙasar nan ya karɓi dala miliyan 3 daga Yankees a 2009 saboda sandarsa da hannunsa, kuma tare ƙwallon ƙasa ya dame shi shekara da shekaru. Ethan Salas na Benezuwela ya karɓi miliyan 5.6 daga Padres a Janairun 2023. A ɗaya gefen, Salvador Pérez dala 65,000 Royals suka ba shi a 2006, shi ne kuma gwarzon wasan ƙarshe na cin kofin babbar gasa a 2015. Gabriel Moreno dala 25,000 ya samu daga Blue Jays a 2016, lokacin ma ba mai cafewa ba ne, a 2023 ya ci kyautar Safar Zinariya, wadda ake ba gwanin tsaro, da Arizona. Kenley Jansen na Curaçao ya fara a tsugune, duka ya gagare shi, a 2009 aka mai da shi mai jifa, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu rufe wasa na zamaninsa, wato masu jifan da ake sakowa a zagayen ƙarshe. Duk waɗannan dattijon ya lissafo su ne ba tare da ya duba komai ba, ya ƙare da Tony Peña na Monte Cristi, wanda tun shekarun 1980 yake cafewa da ƙafa ɗaya a miƙe a ƙasa, kafin zaman gwiwa ɗaya ya zama yayi.

Da yamma muka taru a gidan uwar yaron, aka kawo shinkafa da wake da kaza. Dillalin ya zo da labari: wani wakili ya nuna sha'awa, amma kuɗin da ya ambata kaɗan ne, shi kuma yana ganin a mai da yaron mai jifa tun da hannun yana da ƙarfi, don na'ura tana nuna gudun jifa nan take, ciniki ya fi sauri. Uwar ta juya ga yayanta ta ce, "Yaya, kai ka gani, me ka ce?" Ya faɗi abin da ya gani, sannan ya ce a ji ta bakin baƙo.

Na ce ni ɗan kallo ne, amma an tambaye ni. Yaron nan mai cafewa ne, kada a tashe shi daga wurin. Ƙarfin hannu yara da yawa a filin nan suna da shi, taushin hannu da sanyin kai irin nasa ban ga na biyu ba a ranar. Tudun jifa ba zai gudu ba, ko yana shekara 21 ana iya hawa da shi, amma wanda ya bar tsuguno yana 15 da wuya ya dawo. Na roƙi dillalin ya rage masa gwajin agogo ya ƙara masa wasanni na gaske, inda akwai mai duka da mai gudu da alƙali, don a can ne kyawunsa zai fito, a can ne kuma wakili mai ido zai gan shi. Sai na yi maganar da ta fi damuna: yaron ya ajiye makaranta tun bara. Mafi yawan waɗanda ake sa hannu da su ba sa wuce ƙananan gasanni, da yawa ana sallamarsu kafin su taka Amurka. Ko ta fuskar wasan ma, mai cafewa sai ya karanta rahoton masu duka, sai ya yi magana da mai jifa Ba'amurke da Turanci. Ban ga dalilin da zai sa a raba shi da aji ba.

Dillalin bai ji daɗi ba, amma bai yi musu ba. Yaron yana gefe da ƙanƙara a ɗaure a damtse. Da kawunsa ya tambaye shi abin da yake so, ya ce, "Kawu, a baya nake son zama. Daga can nake ganin kowa."

Kafin mu bar garin muka kai shi filin Tetelo Vargas kallon Estrellas Orientales, ƙungiyar San Pedro mai koren kaya, wadda ta jira tun 1968 kafin ta sake ɗaukar kofi a Janairun 2019 ƙarƙashin Tatís uba. Ganguna da ƙahonni sun cika fili, mutane na rawa tsakanin zagaye da zagaye. Mun samu kujeru a bayan raga. Yaron ya riƙa faɗa wa kawunsa jifan da za a yi kafin a yi, yana dacewa sau da yawa, in ya kuskure sai ya tambayi dattijon, wanda muka gayyato, dalilin da ya sa aka zaɓi wancan. A hanyar fita uwar ta gaya mana ta yi magana da wata makarantar yamma, zai koma aji bayan hutun sabuwar shekara. Dillalin ya yarda ya sa shi a jerin wasannin watan Fabrairu, dattijon kuma ya ce a riƙa kawo masa shi kowace Asabar su yi aikin zaro ƙwallo daga safa.